Cinyoyin Romoke

Ni mace ce da ba ta son latti. Shekara tara na yi ina koyarwa a firamare kafin na buɗe makarantar rawa, kuma abu biyu na ɗauko daga can: murya mai kaiwa bakin titi, da tsallen kwaɗo. Duk yarinyar da ta shigo bayan na fara darasi, ba sai na buɗe baki ba, ta san aikinta. Za ta kama kunnuwanta, ta tsuguna, ta yi ta tsalle daga ƙofa zuwa bango ta dawo, sau goma. Haka aka yi mana, haka muka yi wa na bayanmu, kuma ban taɓa jin wanda ya mutu ba.

Makarantar tawa, in an yarda a kira ta makaranta, tsohon wurin ajiyar katako ce a bayan cocinmu a Ikorodu, gefen Legas. Ƙasan siminti ne, na shimfiɗa masa leda. Ƙarfen da yara suke riƙewa bututun ruwa ne da wani mai walda ya kafa mini a jikin bango. A nan nake koya wa 'yan mata ashirin da 'yan kai rawar bale, rawar nan ta tsayuwa a kan yatsun ƙafa. Ni kaina a Ikoyi na koye ta, wurin wata tsohuwa 'yar Labanan da uwata take yi wa girki. Abin da tsohuwar ba ta kai ga koya mini ba kafin ta mutu, a bidiyo na tsince shi. Yara suna ce mini Anti Ebun a gabana. Abin da suke ce mini a bayana kuwa, su da Allah.

Romoke ta zo mini tana da shekara bakwai, kuma tun ranar farko ta makara. Uwarta ƙyafaffen kifi take sana'a a Ibeshe, wata unguwa ta bakin ruwa. In yarinyar ta taso daga boko, sai ta ɗauki daron kifi ta kai bakin ruwa, ta tsaya har jirgin da ke kai wa 'yan sari ya iso, sannan ta zubo da gudu wurina. Shi kuwa jirgin nan ba ruwansa da agogo.

"Anti, wallahi jirgin ne bai zo da wuri ba."

"Jirgin ne ɗalibina ko ke? Kama kunne."

Haka muka yi ta yi shekara shida, kwana huɗu a mako. Sauran yaran sukan yi tsallen kwaɗo sau ɗaya ko biyu a wata, ita kuwa ya zame mata kamar gaisuwa. Har suna suka sa mata, Sarauniyar Kwaɗi, tana amsawa tana dariya. Da na ga sau goma ya daina sa ta haki, sai na mai da shi ashirin, don ni a wurina horon da ba a ji a jiki ba wasa ne.

To amma fa yarinyar ta iya tsalle. Na koyar da yara da yawa, masu kyan ƙafa da masu kyan wuya, ban taɓa ganin mai tashi sama irin Romoke ba. In ta sheƙo daga kusurwa ta ware ƙafafu a iska, sai ka rantse wani ne ya riƙe ta a can ya manta bai sake ta ba. 'Yan acaɓa sukan kashe babur a bakin taga su tsaya kallo, in na kore su su ce, "Haba Anti, ko sinima ai ana barin talaka ya leƙa." Ina alfahari da ita. Ban taɓa gaya mata ba, don ina ganin yabo yana lalata yaro, amma ina sonta fiye da duk sauran, kuma ina jin ta sani.

Tana da shekara goma sha uku na ɗauki bidiyonta na aika wa wata makarantar rawa a ƙasar Turai, wadda kowace shekara take ɗaukar yara biyu daga Afirka ta riƙe su har su gama. Ban sa rai ba. Sai ga amsa, wai malamarsu za ta biyo ta Legas cikin watan Afrilu, tana so ta ga yarinyar da idonta.

Sunanta Madam Odil, doguwa, busasshiya, ta haura sittin amma bayanta a miƙe kamar taɓarya. Tana shigowa ta ɗaga gefen ledar da ƙafarta, ta ga siminti, ta runtse ido kamar haƙori ya sare ta. Na ji kunya har cikin ƙashina. Tun safe nake ta gyara Turancina, ina ambaton sunayen motsi da Faransanci da ƙarfi don ta san ba a bola aka tsince ni ba.

Romoke ta yi rawa. Da ta zo wurin babban tsallen, matar nan ta dafe ƙirji, ta ce ta sake. Ta sake. Ta ce ta ƙara. Sau huɗu ta sa ta, a na biyar ɗin ta tafa mata. Sannan ta buɗe jaka ta fito da tef irin na tela, ta auna tsawonta, da ƙugunta, da ƙaurinta. Da ta zagaya cinyar da tef ɗin, sai ta daɗe tana kallon lambar.

"Tsallenta kyauta ce daga Allah," in ji ta. "Ni zan ɗauke ta yau ɗin nan. Amma ba ni kaɗai nake yankewa ba, kuma mutanenmu hoto suke fara dubawa kafin rawa. Cinyoyin nan sun yi musu nauyi, da kamar inci biyu. Ba kitse ba ne, nama ne tsantsa, irin na masu ɗaga ƙarfe. Akwai wani motsa jiki da kike sa ta wanda ba kya sa sauran?"

Na san amsar kafin ta rufe baki. Ta faɗo mini a ka lokaci guda, shekara shida na kama kunne. Amma matar da ta runtse ido saboda siminti, me za ta yi in ta ji da tsallen kwaɗo nake tarbiyyar 'yan rawa? Sai idona ya faɗa kan Iya Romoke, uwar yarinyar, wadda ta ci kwalliya ta zo tun rana, ta ƙi shigowa wai tana warin hayaƙi, ta tsaya a bakin ƙofa. Mace ce gajera, kakkaura, ƙafafunta kamar turmi.

"Babu komai, Madam," na ce. "Gado ne. Ga uwar can, dube ta."

Duk ɗakin aka juya. Iya Romoke ba ta jin Turanci. Da ta ga Baturiya da yara ashirin suna kallonta, sai ta ɗauka yabonta ake, ta washe baki, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗaga mana hannu. Romoke kuwa tana jin Turanci sarai. Na ga idonta ya sauka daga fuskar uwarta zuwa ƙafafunta, ya tsaya a nan.

Madam Odil ta yi ajiyar zuciya. Ta ce in gado ne abin da wuya, amma yarinya ce, jikinta bai gama yanke shawara ba. Ta nuna mini wasu hanyoyin miƙa jiki a kwance, ta ce a yi su a hankali kullum, za ta dawo cikin Nuwamba ta sake gani. Ta riƙe hannuna a bakin mota ta ce, "Kada a taɓa abincinta. Kin ji ko? Kada a taɓa." Na ce na ji. Ba zan ɗora wa matar nan abin da ba ta yi ba, ta faɗa da bakinta, kuma har sau biyu.

Washegari na soke tsallen kwaɗo. Na ce wa yara zamani ya canza, mai latti daga yau shara za ta yi. Suka yi ta murna, babu wadda ta tambayi dalili. Romoke kuma na hana ta tsalle gaba ɗaya, ƙarami da babba. In sauran suna tashi sama, ita tana kwance a kusurwa tana miƙa ƙafa da tsohon ɗankwali. Kowace Asabar in auna cinyar, in rubuta lambar da alli a bango bayan ƙofa.

Wata biyu lambar ba ta motsa ba. Nama ne da aka shekara shida ana ginawa, ina zai tafi cikin mako takwas? Ni kuwa ba ni da haƙuri, kuma Nuwamba tana ta matsowa. Sai na fara bin shawarar mutane, ga Legas ba a rasa mai ba da shawara. Mai gyaran gashina ta ce a naɗe cinyar da leda ta yi ta zufa. Wata a coci ta ce a riƙa murza ta da kwalba. Na je kasuwa na sayo agbo, jiƙon saiwoyin nan mai ɗacin tsiya, wanda mai sayarwa ta rantse mini ya narkar da tumbin wani ɗan sanda. Duk muka yi. Ban taɓa ce mata kada ta ci abinci ba, wannan kam zan iya dafa Littafi. Abin da na yi shi ne, wata Asabar da lambar ta sake fitowa yadda take, na jefar da tef ɗin na ce, "Ke dai da alama amalar uwarki ta fi miki Turai." Na san wa nake gaya wa. Yarinyar da ta yi tsallen kwaɗo ashirin ba ta yi ƙorafi ba, ba sai an yi mata magana biyu ba.

Cikin Agusta, ana tsakar ruwa, Iya Romoke ta faɗo mana ba sallama, da kula a hannu, leda a kanta.

"Anti, sannu da aiki. Wai ni kam rawa kike koya musu a nan ko azumi?"

"Iya Romoke, shigo ki zauna, ruwa na dukanki."

"Ba zama ya kawo ni ba. Na tuƙa amala, na kaɗa miyar ewedu, na sa mata kan kifi guda, yarinya ta ce mini ta ƙoshi. Da me ta ƙoshi, da iska? Mako uku ke nan, kokwamba da ruwan zafi, sai ka ce zomo. Ta naɗe ƙafafu da leda kamar alale. Matan layinmu har sun fara tambayata ko wani ciwo take ɓoyewa."

Yara suka fara ƙunshe dariya. Na daka musu tsawa.

"Ɗan lokaci ne," na ce. "Turawan nan ba sa son cinya."

"To su bar mana kayarmu mana! Wa ya ce su so? Mu a gidanmu mace cinya ce. Uban yarinyar nan cinyata ya gani a bakin ruwa ya manta hanyar garinsu, je ki tambaya. Ke Romoke, tashi ki ci abincin nan a gabana, ko in zauna a kanki."

Romoke ta taso daga kusurwarta, ledar tana ƙara a ƙafafunta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mami, don Allah ki tafi gida. Ke kika ba ni su. Ki bar ni in rabu da su."

Matar nan mai bakin da ya isa kasuwa guda ta tsaya baki buɗe. Ta dubi 'yarta, ta dubi ƙafafun kanta, sannan ta juyo gare ni, muryarta ta koma ƙarama.

"Haka ne, Anti? Daga wurina ne?"

Allah ya buɗe mini ƙofa a nan, har ya riƙe mini ita. Kalma biyar ta isa. Amma yara ashirin suna kallona, kuma ƙarya in ta kwana wata huɗu ta riga ta yi saiwa. Sai na yi murmushi na ce, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Karin maganar yabo na ɗauko na soke ta da shi. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ajiye kular a kan taga, ta fita cikin ruwan ba ta ko mai da ledar kanta ba. Sauran yaran ne suka cinye amalar bayan an tashi.

Daga nan lambar ta fara sauka. Rabin inci, inci guda, inci da rabi. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Nakan tsaya bayan ƙofa ina kallon lambobin allin nan suna gangarowa, ina ganin sunana a jarida. Na ga wuyanta ya zurma. Na ga tana sa rigar sanyi da rana tsaka. Na ga in ta tashi daga kwance sai ta dafa bango ta jira jiri ya wuce. Ta daina dariya, sunan Sarauniyar Kwaɗi ma ya mutu don babu mai amsa shi. Duk na gani, ni da nake hango yatsan da bai miƙe ba daga ƙarshen ɗaki. Na ce wa kaina bayan Nuwamba ni da kaina zan tuƙa mata tuwo in ba ta a baki.

Saura mako biyu na ce ta koma tsalle don ta tuna. Ta tuna sarai, kan ya san komai, ƙafafun ne ba su da abin bayarwa. Tana tashi kamar mai tsallake kwata. Na ce gajiya ce, ranar za ta warware.

Madam Odil ta dawo ranar wata Talata. Ta shigo da fara'a, da ƙaramin kwali a hannu, takalman rawa ta kawo wa Romoke tsaraba. Da yarinyar ta fito gabanta, fara'ar ta ɗauke. Ta kama tsintsiyar hannunta ta zagaye ta da yatsu biyu.

"Me kuka yi mata?"

"Inci biyu da rabi, Madam," na ce, har da nuna bango. "Mun ma wuce abin da kika ce."

Ba ta ko dubi bangon ba, ba ta kuma fito da tef ba. Ta ce, "Yarinyar nan ba za ta yi tsalle yau ba. A kai ta ta ci abinci, a kai ta likita. Zan yi magana da mutanenmu, wataƙila baɗi."

Romoke ta ji kalmar baɗi kamar an ce mata har abada. Ta riƙe hannun matar da hannu biyu. "Ma, don Allah. Na yi duk abin da aka ce. Ki duba, sun tafi, babu su. Sau ɗaya kawai, Ma."

"Za ta iya," na ce. "Yarinyata ce, na san ta."

Da ƙyar matar ta ce to, ƙarami, a wuri ɗaya, a hankali. Ni kuwa na riga na kai hannu kan rediyo, kuma kiɗan da na saka na babban tsallen ne, wanda ya sa ta dafe ƙirji cikin Afrilu. Romoke ta ji kiɗanta, ta koma kusurwa. Madam Odil ta ɗaga hannu za ta hana, yarinya ta riga ta sheƙo.

Ta tashi, bai kai rabin na da ba. Da ta sauko a kan ƙafar dama, sai gwiwar ta karkace ciki, muka ji ƙara kamar an karya rake. Ta zube a kan ledar. Ba ta yi ihu ba da farko. Ta ɗago kai ta neme ni da ido, ta ce, "Anti, yi haƙuri, bari in sake." Sai da ta yunƙura za ta tashi sannan ihun ya zo.

A asibiti likita ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke, wani abu kuma a ciki ya yage. Ya matsa cinyar da yatsa ya girgiza kai, ya ce naman nan shi ne ke riƙe gwiwa in an diro, wa ya bar yarinya mai tsalle a kan siminti ta rame haka? Garin neman gira mun rasa ido, kuma ni ce na riƙe wuƙar. An yi mata aiki daga baya. Aka ce za ta yi tafiya, har da ɗan sauri in ta yi haƙuri, amma maganar rawa a bar ta. Madam Odil ta rubuto mini sau biyu tana tambayar jikinta, ban amsa ko ɗaya ba.

Wata huɗu ban taka Ibeshe ba. Ina aika gaisuwa, ina aika lemo, ina cewa aiki ya yi yawa. Tsoro ne kawai, ni da yara suke jin takuna su shiga taitayinsu. Wata Asabar da safe dai na rufe makaranta na hau babur na tafi, ina shirye da zagi, har ina fatan a zage ni.

Na tarar da Iya Romoke a bayan gida, tsakanin gangunan da take ƙyafe kifi, hayaƙi ya rufe ta. Tana ganina ta goge hannu ta jawo mini benci.

"A'a, Anti! Yau ke ce a gidanmu? Sannu da zuwa. Ya yara? Zauna daga nan, hayaƙin ya fi sauƙi."

Babu zagi ko ɗaya. Ta rame ita ma, kuma zanin da ta saba ɗaurawa iya gwiwa saboda aiki yanzu ya sauka har idon sawu. Na tambayi mai jiki, ta ce tana ɗaki, da sauƙi, ta fara zuwa boko da sanda. Sai ta koma juya kifinta, tana magana ba ta kallona.

"Ke kin yi iya ƙoƙarinki, Anti, Allah ya gani. Ni ce na cuce ta. Da siririyar mace ce ta haife ta, da yanzu tana can cikin Turawa. Kullum sai na roƙi Allah ya yafe mini, na roƙe ta ita ma. Amma na yi hankali yanzu. Ƙannenta biyun nan, na fara rage musu tuwo tun yanzu, loma uku-uku, kada su tashi da irin kayan nan nawa. Ƙaramar tana ta kuka, na ce gara ki yi kukan yau."

Ƙaramar shekararta shida. Na san ta, takan raka yayarta wani lokaci, ta tsaya a taga tana kwaikwayon hannu. A nan abin ya ƙare mini.

"Iya Romoke, ajiye kifin nan ki saurare ni. Ba ke ba ce. Ba gado ba ne. Ni ce."

Na gaya mata duka. Na gaya mata tsallen kwaɗo, da tambayar da Baturiya ta yi, da amsar da na bayar tana tsaye a ƙofa tana ɗaga mana hannu. Na gaya mata an ce kada a taɓa abincin yarinya, da maganar da na yi ranar da na jefar da tef. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Tana tsaye da kifi guda a hannu, har na gama ba ta ajiye shi ba.

"Sau nawa take yin tsallen?"

"Kusan kullum. Shekara shida."

"Don tana makara."

"I."

"Kifina take kaiwa bakin ruwa, shi ya sa take makara."

"A'a, kada ki sake ɗaukar wannan ma. Na san dalilin lattin tun ranar farko. Ni na ga dama na hore ta."

Sai a lokacin ta dube ni sosai. Idonta ja ne, na hayaƙi ko na wani abu, ban sani ba.

"Na tambaye ki, Anti. A gaban yara na tambaye ki, kika yi mini karin magana. Kin bar ni ina tsine wa ƙafafun uwata tana kabari. Kin bar 'yata tana kallona kamar ni ce ciwonta."

Sai muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Romoke ce a ƙofar baya, ta ɗaga labule, kuma fuskarta ta nuna ba yanzu ta iso wurin ba. Ta ɗan yi kumari, amma ƙafar dama siririya ce kamar ba tata ba. Ta tako a hankali har gabana. Yarinya ce mai tarbiyya, babba ta zo gidansu, sai ta jingine sandar ta fara durƙusawa.

"Kada ki durƙusa!" na ce. "Romoke, gwiwarki!"

Ta riga ta kai ƙasa, da gwiwar hagu, ta dama a miƙe gefe, tana cije leɓe.

"Sannu da zuwa, Anti."

"Romoke, na cuce ki. Ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Da ta yi magana, ba da fushi ta yi ba, da ma da fushin ne da na fi samun sauƙi.

"Ni na ɗauka a jinina suke, Anti, shi ya sa na ga sai yunwa ce za ta fitar da su. Da kin ce mini tsallen kwaɗo ne, ai da na san in na daina za su tafi da kansu. Da na ci abincina."

Ta dafa ƙasa za ta tashi, ƙafar ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta koma. Na miƙa hannu da sauri, sai uwarta ta ajiye kifin ta shiga tsakaninmu.

"Bari, Anti," in ji ta. "Kin yi naki."

Ta tsuguna, ta sa hannu a hamatar 'yarta, ta miƙe da ita cak kamar ta ɗauki jaririya, ta shige da ita ɗaki. Na zauna a kan bencin ina jira ko wani zai fito, har kifin da ke kan ganga ya fara ƙonewa.